Motar lantarki: tsohuwa mai dogon zango ko sabuwa mai gajeren zango?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu ɗaya a garuruwa da dama kafin ƙarshen 2024, mutanen da a da ba sa ko waiwayar motar lantarki sun fara tambayar farashinta. Gwamnatin tarayya ma ta ƙara musu ƙaimi da ta cire wa irin waɗannan motoci harajin VAT a 2024. Amma duk wanda ya shiga kasuwar da kuɗinsa a ƙirge, ba ya jimawa sai ya tarar da kansa a mararraba. Kuɗin da za su kawo masa tokunbon Tesla Model 3 ko Hyundai Kona 'yar shekara biyar ko shida, wadda takardarta ta ce tana cin kilomita 450 zuwa 500 da caji ɗaya, sau da yawa ba su da nisa da kuɗin sabuwar ƙaramar mota 'yar China irin BYD Seagull, wadda aka rubuta mata kilomita 305 ko 405. Ga tsohuwa mai dogon zango, ga sabuwa dal mai gajeren zango, kuɗi kuma na ɗaya ne.

Yawancin mutane idonsu na fara sauka ne kan lambar kilomita, kuma ban ga laifinsu ba, domin tsoron kowa shi ne mota ta mutu masa tsakanin Kwanar Dangora da Zariya babu inda zai jona ta. Sai dai a ganina wannan lambar ita ce ta fi yaudarar mai saye a duk cinikin. Wanda ya sayi motar lantarki batir ya saya, sauran ƙarfen rakiya ya yi masa. Tambayar da ke raba gardama ita ce halin da batirin yake ciki yau, da kuma wanda zai tsaya maka ranar da ya samu matsala.

Girman batir da kWh ake auna shi, kuma wannan ba baƙon ma'auni ba ne ga duk mai mitar kati a gidansa: yunit ɗin da kake saya, shi ne kWh ɗaya. Model 3 mai dogon zango ta 2019 tana ɗaukar kusan yunit 75. Kona mai babban batir tana ɗaukar 64. Seagull kuwa iri biyu ce, mai yunit 30 da mai kusan 39. Motar lantarki madaidaiciya tana shan tsakanin yunit 13 zuwa 20 a kowane kilomita 100, gwargwadon nauyinta da gudun da ake yi da ita. Da waɗannan alƙaluma biyu kowa zai iya lissafa zangon mota da kansa, kuma lissafinsa zai fi na talla kusa da gaskiya.

Dalili kuwa, lambobin talla ba da mudu ɗaya aka auna su ba. Amurka na da gwajin hukumar EPA, wanda ya fi sauran tsauri. Turai na amfani da WLTP, mai ɗan sassauci. China na da CLTC, wanda aka gina shi kan tafiyar cikin gari mai yawan tsayawa da ƙarancin gudu, irin tafiyar da motar lantarki ta fi tattalin wuta a cikinta, shi ya sa lambarsa ke fitowa da ƙiba. Saboda haka kilomita 405 na Seagull da kilomita 499 na Model 3 ba su da kusancin da ido ke gani. A nan sabuwar ce aka yi wa kwalliya. Raba yunit 39 a kan 14 a kowane kilomita 100, za ka samu wajen kilomita 280, kuma in an hau babban titi ana gudu da na'urar sanyaya mota a kunne, zai gaza haka.

Ita ma tsohuwar ba za ta tsira da 499 ɗinta ba. Wannan lambar ta ranar da ta fito daga masana'anta ce. Mu ɗauka cikin shekara shida batirin ya rasa kashi 12 cikin 100, wanda ba wani abin mamaki ba ne, saura kilomita 440. A hau titi da gudun 110 ko 120 cikin zafin Afrilu, iska na turjiya, na'urar sanyi na aiki, a cire wani kashi 15 zuwa 20, an dawo wajen 360. Mai hankali kuma ba zai bari batir ya kai sifili a hanya ba, sai ya bar ragowa. Abin da ya rage a hannu bai fi kilomita 300 da 'yan kai ba.

Yanzu a ɗora wannan a kan hanyoyin da muke bi. Kano zuwa Abuja ta fi kilomita 400, don haka tsohuwar ba za ta kai ba sai an tsaya caji, haka ma sabuwar. Kano zuwa Kaduna wajen kilomita 230 ce: tsohuwar za ta je cikin kwanciyar hankali amma ba za ta dawo ba sai ta sha wuta a can, sabuwar mai yunit 39 kuwa za ta isa ne da ƙyar, direba na kallon allo yana salati. Kano zuwa Zariya ko Katsina, dukansu biyu za su je. Zirga-zirgar cikin gari, daga gida zuwa ofis, makarantar yara, kasuwa, asibiti, gidan biki, da wuya ta wuce kilomita 50 ko 60 a wuni, kuma ko mai yunit 30 za ta yi kwana uku tana wannan. Ka ga ke nan ƙarin zangon da tsohuwar ke alfahari da shi yana faɗawa ne a wani tsakani: ya yi wa cikin gari yawa, ya yi wa doguwar tafiya kaɗan. Yana da amfani na gaske ga mutum ɗaya, wanda ke yawan yin tafiyar kilomita 200 zuwa 300 kuma yana da inda zai jona mota in ya sauka. In kai ne wannan mutumin, to maganar ta shafe ka sosai. In kuwa sau biyu ko uku kake irin wannan tafiya a shekara, lokacin Sallah ko ta'aziyya, kana shirin biyan kuɗi mai yawa da ɗaukar kasada saboda 'yan kwanaki ƙalilan.

Akwai wani abin da ke ƙara rage tazarar, wanda dillalai ba kasafai suke faɗa ba, wato irin sinadarin da ke cikin batirin. Motoci masu dogon zango na shekarun 2017 zuwa 2021 kusan duk batirinsu mai sinadarin nikel da kobalt ne. Irin wannan yana ɗaukar wuta mai yawa a ƙaramin jiki, amma ba ya son a cika shi fal a bar shi, musamman cikin zafi. Shi ya sa Tesla da kanta ke ba masu irin wannan batir shawarar su tsaya wajen kashi 80 cikin 100 don amfanin yau da kullum, su cika shi kawai in za su yi tafiya. Ƙananan motocin China na yanzu kuwa galibi batirin LFP gare su, mai sinadarin ƙarfe da fosfat, irin wanda BYD ta fito da shi a 2020 da sunan Blade. LFP ya fi nauyi, ya fi arha, ya fi jure yawan caji, ba ya saurin kamawa da wuta, kuma ana cika shi zuwa 100 ba tare da fargaba sosai ba. Babban rauninsa sanyi ne mai daskarar da ruwa, wanda ko hunturun Jos bai kai shi ba. To a lissafa: tsohon batir mai yunit 75 da ya koma 66, ana amfani da shi daga kashi 80 zuwa 10, yunit 46 ke nan. Sabo mai 39, daga 100 zuwa 10, yunit 35. Tazarar da ta fara da kusan ninki biyu ta dawo yunit 11, ƙaramar motar kuma ta fi tattalin wuta a cikin gari saboda rashin nauyi.

Kada a fahimce ni da cewa tsohon batir mushe ne. Tsoron da aka yi a farkon zuwan waɗannan motoci, cewa batir zai mutu cikin shekara huɗu ko biyar, bai tabbata ba. Kamfanin Geotab na Kanada, wanda ke tattara bayanan dubban motoci, ya fitar a 2019 cewa a matsakaici batir na rasa kashi 2.3 cikin 100 a shekara, a 2024 kuma ya ce adadin ya sauko zuwa 1.8. Wannan labari ne mai daɗi. Amma matsakaici ne, kuma yawancin motocin da aka auna suna ƙasashe ne masu sanyin yanayi. Abubuwan da suka fi tsufar da batir sanannu ne: zafi, yawan caji mai sauri, da barinsa a cike ko a ƙarƙaf na tsawon lokaci. Na farkonsu kuwa muna da shi har da na kyauta.

Labarin Nissan Leaf ya isa izina a nan. An fara sayar da ita a ƙarshen 2010 da batir mai yunit 24, kuma Nissan ba ta sa masa na'urar sanyaya ba, ta bar shi iska ta riƙa huce shi. A Ingila da Norway motar ta zauna lafiya. A birnin Phoenix na jihar Arizona kuwa, inda zafin bazara ke haura digiri 40 kamar na Sakkwato da Maiduguri, ba a wuce 2012 ba masu motar suka fara kuka cewa batirinsu na zubewa cikin shekara ɗaya ko biyu. Magana ta kai kotu, har Nissan ta ƙara garanti na musamman kan ƙarfin batirin. Duk da haka ta ci gaba da ƙera Leaf ba tare da sanyaya batir da ruwa ba, har da mai yunit 40 ta 2018 da mai yunit 62 ta 2019. Wannan mai 62 ɗin tana cikin tsofaffin motoci masu dogon zango da farashinsu ke jan hankali, kuma ita ce wadda zan fi jan kunnen mutumin Arewa a kanta. Tesla, Kona da Chevrolet Bolt duk suna zagaya ruwan sanyi a jikin batirinsu. Duk tsohuwar motar da za a kawo ƙasar zafi, wannan ce tambayar farko a kanta: da me ake sanyaya batirinta? Haka ma sabuwar, domin arha kan sa wasu ƙananan motoci su zo babu wannan tsarin.

Matsalar tsohuwar mota ita ce lafiyar batir ba ta bayyana a fenti. Motar fetur bakanike zai tada ta, ya saurari inji, ya duba hayaƙi, ya shinshina mai, ya faɗa maka gaskiyarta. Motar lantarki shiru take, lafiyayya da mai ciwo sautinsu ɗaya. A allon Leaf akwai 'yan sanduna 12 da ke nuna ƙarfin batir, mai sayarwa zai nuna maka su cike yana murmushi. Abin da ba zai ce ba shi ne sanda ta farko ba ta ɓacewa sai batirin ya rasa wajen kashi 15 cikin 100, kowace ta bayanta kuma wajen kashi 6 take wakilta. Mota mai sanda 12 tana iya kasancewa gab da faɗowa 11. Akwai kuma masu taɓa kwamfutar motar su mayar da sandunan cike, sai bayan makonni ta sake lissafi su zube. Maganin wannan wata 'yar na'ura ce da ba ta fi akwatin ashana biyu ba, ana soka ta a wata kafa da ke ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da wayar hannu. Ga Leaf, manhajar LeafSpy za ta nuna kason lafiyar batirin, da yawan cajin sauri da aka taɓa yi masa, da bambancin ƙarfi tsakanin ƙwayoyin batirin. Wannan na ƙarshen ya fi muhimmanci fiye da yadda ake zato, domin ƙwaya ɗaya mai rauni tana iya sa mota ta faɗo daga kashi 30 zuwa 5 cikin 'yan mintuna a kan hawa. Sauran motocin ma suna da manhajoji makamantan wannan. In babu na'urar, a cika motar, a yi tafiyar kilomita 100 da ita a babban titi, a ga kaso nawa ta sha. Dillalin da ya hana wannan gwajin a kan mota ta miliyoyin naira ya riga ya ba ka amsa.

Sai asalin motar. Kowa ya san da yawa daga cikin tokunbon da ke sauka a Legas da Kwatano daga gwanjon kamfanonin inshora na Amurka suke, irin su Copart da IAA, wato motocin da suka yi haɗari ko ruwa ya ci su. A motar fetur mun saba da haka, mai gyaran jiki ya buga, mai fenti ya fesa, a ci gaba da harka. A motar lantarki batirin shimfiɗe yake a ƙarƙashin mota daga gaba zuwa baya, don haka dukan da ya taɓa ƙasanta ya taɓa zuciyarta. Ruwan gishiri ya fi komai muni. Bayan guguwar Ian da ta afka wa jihar Florida a 2022, an ga motocin lantarki da ruwan teku ya shanye suna kamawa da wuta kwanaki bayan ruwan ya janye, saboda gishirin da ya maƙale cikin batir yana haɗa wutar da bai kamata ta haɗu ba. Irin wannan mota za a iya wanke ta tas ta yi ƙyalli. Lambar jikin mota mai haruffa da lambobi 17 ita ce za ta tona tarihinta, kuma kuɗin binciken bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da abin da ake shirin kashewa. Duk motar da tarihinta ya nuna ambaliya, a bar ta ko da kyauta ce, musamman ga mai ajiye mota a cikin gida kusa da ɗakin yara.

Da wannan lambar ce kuma za a gane ko motar na cikin waɗanda kamfani ya janye don gyara. General Motors ta janye dukkan Chevrolet Bolt na 2017 zuwa 2022 saboda lahani a batirin LG da ke iya haddasa gobara, Hyundai ma ta janye motoci wajen 82,000 a 2021, yawancinsu Kona, kan matsala irin wannan. Abin lura shi ne wannan na iya zama alheri ga mai saye: Bolt ko Kona da aka riga aka sauya mata batir, jikinta ne kawai ya tsufa, batirinta ya fi ta ƙuruciya da shekaru. Wadda ba a sauya mata ba kuma ta tsallako teku, babu wanda zai sauya mata a nan.

Nan ne maganar garanti ta shigo, kuma a ganina nan ne sabuwar ta fi yin rinjaye. Yawancin kamfanoni na ba batir garantin shekara 8 ko kilomita 160,000, tare da alƙawarin ba zai sauka ƙasa da kashi 70 cikin 100 ba. Tesla ta ba Model 3 mai dogon zango shekara 8 ko kilomita 192,000. Mota 'yar 2019 ke nan garantinta na ƙarewa a 2027. Ko wannan ragowar ma ta mai zama a Amurka ce, domin garantin Tesla yana aiki ne a yankin da aka sayar da motar, motar da inshora ta yi gwanjonta a matsayin ɓatacciya kuma ta rasa shi gaba ɗaya, ga shi Tesla ba ta da wurin gyara a Najeriya. A taƙaice tokunbo ba ta da garanti ko na kwana ɗaya. In batir ya lalace fa? Cibiyar BloombergNEF ta ƙiyasta matsakaicin farashin batir a 2024 a kan dala 115 kowane kWh. Yunit 75 ya haura dala 8,600 ke nan a farashin masana'anta, kafin ribar mai sayarwa, kuɗin jirgi, kwastam da ladan wanda ya iya ɗaurawa. Ba kowane batir ne ke lalacewa ba, mafi yawansu ba sa yi. Amma wanda abin ya faɗa wa, motarsa kan koma kayan ado a ƙofar gida, domin makanikan da suka san aikin wuta mai ƙarfin bolt 400 har yanzu ƙalilan ne, kuma aiki ne da kuskure a cikinsa ke kashe mutum.

Sai dai "sabuwa" ma kala biyu ce. Akwai wadda wakilin kamfani ya shigo da ita, yana da gareji, kayan gyara da ma'aikatan da aka horar, kamar yadda CFAO ta fara sayar da motocin BYD a Legas a 2025, ko yadda Stallion ta haɗa Kona a Legas aka ƙaddamar da ita a ƙarshen 2020. Akwai kuma wadda ɗan kasuwa ya saya a China ya loda a kwantena. Ta biyun sabuwa ce a leda, amma garantinta na can China, allonta wani lokaci da rubutun Sinanci yake, in gilashinta ya fashe sai an jira jirgi. Har yanzu ta fi tokunbo ta fuska ɗaya, batirinta babu wanda ya wahalar da shi. Amma wanda ya biya kuɗin sabuwa don samun kwanciyar hankali, ya tabbata an rubuta masa garantin a takarda da adireshin garejin da zai je, ya kuma tambayi kansa nisan garejin daga garinsu.

Abin da ke ƙayyade jin daɗin motar lantarki a ƙasarmu, fiye da duk waɗannan, shi ne wutar da za ta sha. Babban tanki ba ya amfanar gidan da famfonsa ke ɗiga. Cajar da ake jonawa a soket ɗin bango na ba da wajen yunit 2 da ɗan ɗori a awa ɗaya. Don mayar wa babban batir yunit 46, ana buƙatar wuta ta kusan awa 20. Cajar bango mai ƙarfin kilowat 7 za ta yi aikin cikin awa bakwai, amma tana buƙatar waya mai kauri, mita mai ɗauka, da wutar da ba ta raguwa. 'Yan rukunin Band A, waɗanda aka yi wa alƙawarin awa 20 a wuni kuma aka ɗaga musu yunit zuwa naira 225 a Afrilun 2024 kafin ya ɗan sauko wajen 209, su ne wannan ya fi yi wa sauƙi. Mai tafiyar kilomita 50 a wuni yana buƙatar yunit 8 ko 9 ne, wato ƙasa da naira 2,000 a wannan farashin, alhali motar fetur mai cin kilomita 10 a lita za ta sha lita 5. Kuma wannan yunit 8 ko 9 ɗin ba ya canzawa don batir ya yi girma. Abin da ka kashe jiya shi za ka mayar yau. Faifan sola na kilowat biyu da rabi zai iya samar da shi a ranar Arewa, muddin motar na gida da rana ko akwai batirin ajiya.

A nan dai dole a ba babban batir haƙƙinsa. A Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wutar da ke ciyar da Arewa suka lalace, jihohi da dama sun yi fiye da mako guda cikin duhu. Mai batirin yunit 66 da ya shiga wannan hali a cike zai yi kusan mako yana zirga-zirgar gari, mai yunit 30 kuwa kwana uku zai ajiye mota. A ƙasar da wuta ba ta da tabbas, girman batir ajiya ce, kuma wannan hujja ta fi ta doguwar tafiya ƙarfi a wajena. Sai dai wanda ya rage kuɗin mota ya sa sola a rufin gidansa ya magance matsalar daga tushe, gidan ma ya samu haske.

Bakin caja ma abin dubawa ne tun kafin a biya. Motar Amurka da irin nata, Tesla ta Amurka da nata daban, ta Turai da CCS2, ta China da GB/T, Leaf kuma da CHAdeMO na Japan wanda duniya ke barinsa. Tashoshin cajin jama'a kaɗan ne, yawancinsu a Legas da Abuja, sai irin wadda hukumar NADDC, mai kula da harkar ƙera motoci a Najeriya, ta kafa mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. A je tashar da ake sa ran amfani da ita a ga bakin da take da shi. Cajar tafi-da-gidanka da ke zuwa cikin but ɗin motar Amurka kuma a karanta jikinta, domin wasunsu na wutar bolt 120 ne kawai, tamu kuwa 230 ce.

Akwai abubuwan da tsohuwar ta fi sabuwar nesa ba kusa ba, kuma ba na batir ba ne. Seagull kujera huɗu gare ta, tsawonta bai kai mita huɗu ba, but ɗinta ba zai ɗauki buhun shinkafa da kayan cefanen wata tare ba. Magidanci mai iyali biyar ko shida, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa hukunci. Model 3 da Kona motoci ne da aka ƙera su don babban titi, sun fi nauyi, sun fi zama daram in tirela ta wuce, kuma Model 3 ta samu taurari biyar a gwajin haɗari na Amurka da na Turai. Suna kuma shan cajin sauri fiye da ƙananan motocin, in an samu tashar. Ta fuskar faɗuwar daraja ma, wani ya riga ya ɗauki babbar asarar. Farashin tsofaffin motocin lantarki ya faɗi ƙwarai a Amurka bayan Tesla ta rage farashin sababbi a 2023, kamfanin hayar motoci na Hertz kuma ya sanar a farkon 2024 cewa zai sayar da wajen 20,000 daga cikin nasa. Wannan ne ya sa tokunbon ta zo kusa da aljihun mutane. Amma motar da ta fito daga hannun 'yan haya ko masu tasi, a sa ran ta sha cajin sauri fiye da ta mai gida ɗaya. Sannan a tuna tsayin cikin Model 3 daga ƙasa santimita 14 ne kacal. Corolla ma ba ta fi haka sosai ba, sai dai abin da Corolla ke gogawa a kan tudun rage gudu salansa ce, ita kuwa murfin batir ne.

In aka tambaye ni, mai zama cikin gari wanda tafiyarsa ba ta wuce kilomita 80 a wuni, yana da inda zai jona mota a gida ko wurin aiki, musamman in akwai wata motar fetur a gidan don tafiyar ƙauye, ya ɗauki sabuwar mai batirin LFP daga hannun wakilin da ke da gareji, kuma in kuɗinsa sun kai ya zaɓi mai yunit 39 a kan mai 30. Tsohuwar mai dogon zango ta dace da wanda ke bin hanya irin ta Kano zuwa Kaduna ko Abuja zuwa Kaduna kusan kowane mako, ko wanda iyalinsa ba za su shiga ƙaramar ba. Shi ma da sharaɗi: batir mai sanyaya da ruwa, gwajin da ya nuna lafiyarsa ta haura kashi 85 cikin 100 da ƙwayoyi daidai da juna, tarihi babu ambaliya babu dukan ƙasa, da sunan makanikin da ya taɓa buɗe irin wannan motar, wanda ka je garejinsa ka gani da idonka. In ɗaya daga cikin waɗannan ya gaza, a rage farashin da abin da zai sayi wani batir, in mai mota ya ƙi a bar masa kayansa.